Zanen da Illo Baduku Ya Rina

Ina durƙushe tsakar gida ina tankaɗen garin dawa sai wani abu ya tsallako katanga ya faɗo mini bisa kai, ya rufe ni ruf har da rariya. Kafin idona ya ga ko mene ne, hancina ya riga ya ba ni labari. Wari ne irin na majema da tsakar bazara, ga bagaruwa, ga mai da ya daɗe, ga wani tsami-tsami daga ƙarƙashi. Na yaye abin na yar, sai ga zane.

"Kulu!" in ji Bara'atu maƙwabciyata daga bayan katanga, da irin muryar da ake kiran wanda ya yi nisa cikin fadama. "Amshi tsiyakki! Ko jakar gidan ga ba ni aza ma wanga abu, balle jikina!"

Na ɗauki zanen na duba. Ja ne, amma ba jan kirki ba. Wani wurin kamar jinin kaza, wani wurin kamar ruwan goro da anka tofar bisa bango. Ya sandare ƙam, in ka tsayar da shi sai ya yi kamar zai tsaya da kansa. A bakin zanen kuma an bi da baƙin kuloko, wato baƙin da dukawa ke yi wa fata ado da shi, an yi 'yan kusurwoyi kamar na gidan laya. Na juya shi na duba ɗinkin da ya haɗa ƙwaryoyin saƙar. Na san wannan saƙa. Farin zane ne sol, aikin Mode masaƙin Kwalkwalawa, zare siriri kamar gashin jinjiri, ni da hannuna na sayar wa Illo shi kafin azumi.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Kulu dillaliya ta Ƙofar Marke. Matan birnin nan na Sakkwato suna cikin kulle, ba su zuwa kasuwa, ni ce kasuwarsu. Ina ɗaukar ƙunshi in shiga gida in fita gida, tun ina da haƙoran tauna ƙashi har yau da sai tuwo mai laushi. Ban yi karatu ba, abin da nake salla da shi kaɗai na riƙe. Ba ni da gona, mijina ya daɗe da rasuwa. Idona da sunana su ne abincina. Illo baduku kuwa maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya. Tun muna yara muke zagin juna. Bara'atu matarsa ce.

Na ɗauki zanen na zagaya. Illo yana zaure a kan buzunsa, ƙafafu a kumbure, don ciwon da ya tafi da shi ya riga ya fara cin sa. Da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai ya kama neman basilla a ƙarƙashin cinyarsa kamar wadda ta ɓace tun bara. Na wuce shi na shiga ciki. Maƙwabta sun riga sun leƙo ta saman katangu, kawuna jere kamar ƙwarya a kan danki.

"Bara'atu, ki ji tsoron Allah," na ce. "Hwari nib ba mijinki. Hwari tas!"

"Hwari?" Ta kama ƙugu. "Maigida ya kawo min kyautar Salla, nit tambaye shi ina yas samo wagga masiha, yac ce ga Kulu yas saye. Maigida na ka ƙarya, ko ke?"

"Kira shi shi hwaɗi da bakinai!"

"In kira maras lahiya shi yi shari'a da dillaliya? Kun ji min mata! Kin ga tsoho ido ya yi rauni kin liƙa mai abin da yaƙ ƙi hita hannunki."

Na juya zaure in jawo shi, sai na tarar da buzu kawai. Mutumin da ba ya iya zuwa masallaci sai da sanda ya ɓace kamar an ɗauke shi.

To, ku da kanku kun san maganar mata ba ta bukatar ƙofa. Kafin mako ya zagayo ta riga ni shiga kowane gida. Na je unguwar Gidan Dahala wurin Lantana, matar wani mai fataucin goro, wadda ko zanen goyo ba ta saye sai ta hannuna. Na kwance ƙunshi, na shimfiɗa mata saƙi mai kyau. Ba ta duba saƙa ba, ba ta taɓa zare ba. Ta ɗauka ta kai hanci. Ta ajiye, ta ɗauki wani, ta sansana. Haka ta bi kayana ɗaya-ɗaya kamar akuya a kasuwar ganye.

"Mi kika nema, Lantana?" na ce. "Nama niz zo saisuwa?"

"A'a, Inna Kulu, ba komi. Sai dai an ce yanzu sai an lura."

Ba ta sayi komi ba. Gidan gaba ma haka. Matan da ke ba ni zare da zannuwa in sayar musu sunka fara cewa ba su gama kaɗi ba. Wata ta aiko a amshi nata tun ban kai shi ko'ina ba. Har suna anka laƙaba mini, wai Kulu mai bunsuru. Ni! Ni da na yi wa rabin amaren unguwar nan zaɓen kayan ɗaki, uwayensu ma ni na yi musu.

Ran da na koma gida da ƙunshina yadda na fita da shi, ban ko sha ruwa ba na faɗa zauren Illo. Wannan karon bai iya gudu ba, kumburin ya hau har gwiwa. Na zauna bakin ƙofa na tare hanya.

"Taubashi, hwaɗa min gaskiya ko in zauna nan har a yi kiran Magariba. Wa yar rina zanen ga?"

Ya leƙa ƙofar cikin gida, ya rage murya. "Ni na."

"Da mi?"

"Da karan dahi mana. Da mi aka ja?"

Sai ya kwashe duka ya gaya mini, har yana nuna mini da hannu, don shi a ransa aiki ya yi. Wai ya fara jiƙa zanen cikin ruwan bagaruwa don ya kama. Ya shafe shi da mai. Ya daka karan dafi, jan ɓawon dawar nan da suke rina fatar akuya da shi, ya haɗa da ruwan toka, ya goga da tsumma ciki da baya. Ya bi da lemun tsami don jan ya tashi. Sannan ya shimfiɗa bisa allo ya murje shi da dutse. Duk abin da ake yi wa fata, bai rage wa farin zanen Mode ko ɗaya ba.

"Illo," na ce, "auduga ta. Ba a yanka ta ba, ba a heɗe ta ba. Mi yah hana ka kai marina?"

"Marina shuni sunka sani. Ja kuwa, dut Ƙohwar Marke wa yah hi ni sanin ja?"

A nan dai ba ƙarya ya yi ba. Jar fatar Illo har fatake masu ƙetare sahara suna nema a zamaninsa.

"To mi yak kai ka ga ja? Ita tac ce tana so?"

Ya murza yatsunsa, waɗanda jan dafi ya shige har ƙarƙashin farce. Ya ce tun Bara'atu tana amarya ta je wani biki ta ga matar wani babban gida da barage, zanen nan mai ratsin jan alharini. Ta dawo tana ba shi labari, ta ce Allah shi ba mu. Sau ɗaya ta faɗa, ba ta sake ba, ƙila ma ta manta. Shi bai manta ba. Alharini kuwa daga arewa yake zuwa bisa raƙuma, ba abin gidan baduku ba ne. Kowace shekara sai ya ce baɗi. Bana da ya ga ƙafafunsa sai ya ce babu wani baɗi.

Wallahi ya ba ni tausayi. Amma tausayi ba ya tuƙa tuwo a gidana, sai na haɗiye shi.

"Na ji. To don mi kal laƙa min?"

"Ban yi ƙarya ba, Kulu. Tac ce ina nis samo, nic ce gare ki nis saye. Ba gare ki nis saye ba?"

"Tsohon banza! Rabin magana kab ba ta, kar riƙe rabin da ka wanke ni."

"Da kin ga huskatta sa'ad da tab buɗe shi, ke ma da kin riƙe. Tun ran nan kullum sai ta tsine ma hannun da yar rina shi. Ina kwance ina cewa amin."

"Gobe za ni gidan alƙali."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Tahi. Sai dai ki ce a zo da makara, don ba ni iya takawa. Ki yi min haƙuri in samu sauƙi, ni da kaina za ni tara matan unguwa in hwaɗa."

"In ba ka samu sauƙin ba hwa?"

"Sai ki biyo ni can mu ƙarasa."

Kun ji irin mutumin da Allah ya haɗa ni da shi.

Sauƙi bai zo ba. Anka mayar da shi daga zaure zuwa ɗakin Bara'atu. Anka gwada jiƙo, anka gwada rubutu, wanzami ya zo ya tafi. Ni kuwa kullum da safe sai in leƙa. Mutane suna cewa dubi Kulu, duk da abin da ya faru ba ta yar da zumunci ba. Zumunci yana ciki, ban musa ba. Amma gaskiya numfashinsa nake zuwa dubawa, don shaidata guda ɗaya ce a duniya kuma tana neman sulalewa. In shiga in ce, "Taubashi, an kwan lahiya?" Ya ce, "Lahiya lau, ba yau ba." Ni da shi mun san abin da yake nufi, Bara'atu kuwa ta ɗauka mutuwa yake faɗi.

Ranar wata Laraba na ga hancinsa ya tsaya, idanun sun faɗa. Na ga irin wannan sau da yawa, ba sai an gaya mini ba. Labari ya zagaya cewa jikin Illo ya yi tsanani, da La'asar mata sunka fara shigowa dubiya cikin lulluɓi. Har Lantana ta zo daga Gidan Dahala, don Illo ne ke yi wa mijinta jakunkunan tafiya. Na ce yau ko babu. Na koma gida na jawo zanen daga ƙarƙashin rumbu, inda na cusa shi don ya hana ni barci a ɗaki, na naɗe shi a hammata na dawo.

Na tarar da Bara'atu ita kaɗai a madafi tana dama masa kunu. Na ajiye zanen gabanta.

"Yau mijinki za shi hwaɗi wanda yar rina wanga zane, gaban matan ga. Na zo in gaya miki don kada ki hwaɗi sumamma. Shi na. Da hannunai."

Ba ta ko ɗago ba. Ta ci gaba da juya ludayi.

"Kin ji abin da nic ce?"

"Kulu," ta ce, "tun ina da ƙuruciya nika wanke ma mutumen ga tuhwahi. Kina tsammani ban san warin hannunai ba? Tun bai kwance ƙunshin ba nis sani. Ina jin shi yana dakan dahi cikin zaure da rana tsaka, ya rufe ƙohwa wai barci shika yi."

Na rasa inda zan sa kaina. Na zauna bisa turmi.

"Kin sani?"

"Na sani."

"Kin sani kij jehe ni da shi ta bisa katanga? Kit tara min unguwa?"

"To ƙaƙa za ni yi?" Ta ajiye ludayin. "In na amsa nic ce ya yi kyau, sai na ɗaura shi ran Salla, in shiga mutane awa anka heɗe ni. In nic ce aikinai ya ɓaci, mi yar rage mai? Hannu ya bar riƙon basilla, masu kawo aiki sun koma ga yara. Abin da yag gama yi na ƙarshe ke nan. Sai nig ga in na ce ke ta, shi ya tsira, ni na tsira."

"Ni hwa?"

"Ke ai zagi ba shi kama ki. Ke ka zagin mutane."

Jama'a, ku auna wannan magana. Mata da miji sun zauna kowa yana lallaɓa zuciyar ɗan'uwansa, sun rasa inda za su zubar da ruwan wankinsu sai bisa kaina. Shi yana ɓoye mata, ita tana ɓoye masa, ni ina yawo gida-gida ana sansanar kayana.

"Bara'atu, gero ya ƙare min tun shekaranjiya. Tuwon ga da kig ga ina tuƙawa na dawar aro na. Zagi ba shi kama ni, yunwa tana kama ni."

Nan ta ɗago ta dube ni. Ina jin ba ta taɓa kai tunaninta can ba.

"Ga abin da za a yi," na ce. "Ko ki tashi ki ɗaura zanen ga ki shiga gaban matan can ki hwaɗi gaskiya, ko ni in shiga in gaya mai kin sani tun ran hwarko, kina tsine ma hannunai kina sane."

"Ba ki yi."

"Gwada ni."

Ta dubi zanen, ta dubi ƙofar ɗaki. Ta ɗauke shi da yatsu biyu kamar mataccen ɓera ta shige bayan danga. Ina jin ta tana kokawa da shi, don ba ya lanƙwasa, in ta ja nan sai can ya buɗe. Sai da na shiga na taya ta, na danne gefe da gwiwa ta soke. Da ta taka sai ya yi ƙara, ƙwaram-ƙwaram, kamar ana jan busasshen ƙirgi a ƙasa. Kajin gidan sunka watse.

Ta ɗauki ƙwaryar kunu ta yi gaba, ina biye.

Ɗakin cike yake da mata, ga zafin bazara, ba iska ko kaɗan. Warin ya riga mu shiga. Lantana ta ja gefen lulluɓinta ta toshe hanci. Wata tsohuwa, Tani mai ƙosai, ta ce, "La'ilaha illallahu," a hankali. Kowa ya danne dariya, ba mai son ya yi ta a gaban maras lafiya.

Bara'atu ta tsaya tsakiyar ɗaki, ta buɗe baki za ta yi magana. Ba ta samu ta yi ba. Illo ya buɗe ido. Hasken yamma yana shigowa ta ƙofa ya sauka bisa zanen, ban san abin da idon nan nasa ya gani ba, amma fuskarsa ta washe kamar ta ango.

"Ku tada ni," ya ce. Anka tallafe shi. "Juya in gani."

Ta juya. Ƙwaram.

"Kai! Kai, kai. Kun gani? Lantana, kin ga ja? Dubi wajen ƙugun can yadda yat tashi. Wa yac ce bai yi kyau ba?"

Mata sunka dubi juna. Tani mai ƙosai, Allah ya saka mata, ta ce, "Ja dai kam ya yi ja, Malam Illo. Kulu ta iya zaɓe."

"Wace Kulu?" Har ya yunƙura kamar zai sauko. "Kulu mi tas sani ga ja? Hwarin ƙyalle tab ba ni, hwari awa likkahwani! Ni nir rina shi. Ni, da hannun ga, cikin zauren can. Dubi bakin zanen, akwai mai jan kuloko haka dut birnin ga in ba ni ba?"

Abin da roƙo bai fitar ba, barazanar alƙali ba ta fitar ba, tsoron Allah ma bai fitar ba, ga shi yabon kai ya fitar da shi a numfashi ɗaya.

Ban san sa'ad da na miƙe ba. "Kun ji! Lantana, kin ji ko in sa shi maimaita? Tani, buɗe kunnenki na kirki! Hwari nib ba shi!"

Sai dariya ta ɓalle. Wadda ta fara ban sani ba, amma har masu toshe hanci sunka saki. Lantana tana share hawaye tana cewa, "Inna Kulu, ki yahe muna, wallahi ba mu sani ba." Illo ya dube ni, sai a lokacin ya gane abin da bakinsa ya yi. Ya saci kallon Bara'atu kamar yaron da ya fasa tulu.

"Ashe kai na," in ji Bara'atu. Ko ƙiftawa ba ta yi ba, makira. "To don mi ba ka hwaɗa ba tun hwarko? Da na san aikinka na ai da ban jehe shi ba."

"Tsinuwad da kika yi hwa?"

"Na janye."

Na buɗe baki, ta dube ni. Na rufe. Na samu abin da na zo nema, sauran nasu ne.

Ta zauna a gefen gadon kara, ta jingina bayanta da bango, ta ɗora kansa bisa cinyarta tana ba shi kunu da ludayi. Zufa ta karyo mata, sai jan ya fara sauka. Ya bi ta hammata, ya gangaro damtse, ya ɗiga har cikin tafin hannu. Tani ta ce, "Bara'atu, kina zuba." Illo ya duba ya ce, "Lemun tsamin na bai isa ba," munka sake kwashewa.

Da mata sunka fara tafiya, ya yafuto ni da yatsa.

"Taubashiya, ki yahe min."

"Sai na ga ciniki ya dawo."

"Ba ni kai can, Kulu."

Ya faɗe shi ba wasa a ciki. Na dubi ƙafafun nan, na dubi yatsun.

"Na yahe, tsohon banza. Duniya da lahira. Amma in ka tahi kada ka taɓa tuhwahin kowa can."

Ya yi murmushi. Maganar da munka yi ta ƙarshe ke nan. Washegari da hantsi ina shara na ji salatin Bara'atu ta bayan katanga, a hankali, ba da muryar fadama ba. Har lokacin zanen yana jikinta, ba ta kwance shi ba tun jiya. Kafin Azahar an kai shi. Dukawan birni sun zo da yawa, har waɗanda sunka ɗauke masa masu kawo aiki.

Ciniki ya dawo, ba duka ba. Lantana ta aiko a kira ni tun ba a yi sadakar bakwai ba, ta sayi saƙin nan ba ta kai shi hanci ba. Amma waɗanda ba su cikin ɗakin ran nan har yau akwai masu cewa Kulu mai bunsuru, musamman can wajen Gidan Dahala, inda labarin farko ya isa na biyu ya maƙale a hanya. Shi ya sa nake faɗin wannan da bakina, daga farko har ƙarshe. Duk wanda ya ji ya kai musu. Fari na sayar, saƙar Mode, ba tabo ko ɗaya. Wadda ke da sauran magana ta zo Ƙofar Marke ta same ni, gidan da ke jikin na marigayi Illo, ba na zuwa ko'ina bayan La'asar.

Bara'atu ta shiga takaba. Mai takaba ba ta sa ja, don haka ta naɗe zanen, iyakar yadda ya yarda ya naɗu, ta ajiye. Ta aiko mini da gero cikin masaki.

Gab da damina, lokacin da kowa ke gyaran ɗaki, na dama fura na kai mata. Na tarar ta kwaɓa ƙasa tana yi wa bangon ɗakinta sabon shafe da hannunta. Ta gama ko'ina ya yi sumul, sai wuri ɗaya a gefen gado, inda ta jingina ran nan. Shatin bayanta yana nan ja bisa bango, daga kafaɗa zuwa ƙugu. Ta bi gefensa da yatsa a hankali ta zagaye shi, ta bar shi yadda yake. Sannan ta wanke hannu ta amshi furar.